Tono tarihin uwa, bidiyo, ko maganin damuwa: wanne za ki ɗauka in ke da jaririnki kun kasa jituwa?

Akwai abin da ba a faɗa a gidan suna. An haihu lafiya, an yanka rago, an gama wankan jego har an yi arba'in, amma uwa da jaririnta sun kasa jituwa. Yaro kuka ba dare ba rana, ko ya ƙi kama nono, ko ya riƙa kau da kai in ta kalle shi, ita kuma ji take kamar ɗan wata aka ba ta riƙo, wani lokacin ma haushinsa take ji sai kuma ta koma ɗaki ta yi ta kuka don ta ji haushin. An je asibiti an duba an ce ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, ba komai. Toh a nan ne ake fara jin sunayen hanyoyin magani na zama da magana, musamman 'yan uwanmu da ke Ingila ko Amurka ko Kanada inda ma'aikaciyar lafiya ke biyo ki har gida ta lissafo miki abubuwa uku huɗu ta ce ki zaɓa, ke kuma ba ki san bambancinsu ba. Abin ba ƙarami ba ne fa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa.

Amma tsaya tukuna 'yar uwa. In mai jego ta daina barci kwata-kwata, tana surutai marasa kan gado, tana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko tunanin cutar da kanta ko yaron na zuwa mata, wannan ba maganar zaɓi ba ce, asibiti za a kai ta yau ɗin nan. Irin wannan na samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1000, yawanci a sati biyun farko, kuma ana warkewa in an samu magani. Ɗan ɓacin rai da saurin kukan nan na kwanakin farko wanda ke wucewa kafin sati biyu shi kuma ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin abin da za mu lissafa. Na tsakiya muke magana, wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abin da za ki auna da shi

Na farko kuma mafi girma, ina matsalar take? A jikin uwar ne, wato ciwon damuwa ya danne ta ba ta iya komai? Ko a tsakaninsu ne, ba ta gane abin da yaron ke nufi shi ma bai gane ta ba? Ko kuwa wani tsohon ciwo ne na yarintarta haihuwar ta fama? Sai kuɗi, kuma ni ina ganin gara ki ƙirga da yawan zama maimakon naira ko fam, don farashi na canzawa amma zama 6 da zama 50 ba za su taɓa zama ɗaya ba, ki haɗa da kuɗin mota da wanda zai riƙe miki sauran yara. Sai ɗorewa, bayan an gama amfanin na zama ko yana bajewa. Sai sauƙin samu da sauƙin yi. Sai haɗari. Na ƙarshe wanda takardun asibitin Turai ba sa sawa: mai yin aikin zai fahimci yadda gidanmu yake kuwa?

Hanya ta 1: wadda ta fito kai tsaye daga saikoanalisis

Saikoanalisis hanyar magani ce ta tono abin da ke binne a zuciya ta hanyar magana, Sigmund Freud ne ya kafa ta, shi kuma da manya ya yi aiki, mutum ya kwanta a doguwar kujera ya yi ta faɗin duk abin da ya zo ransa kusan kullum har tsawon lokaci, kuma duk da yawan maganar yarinta da yake yi, yarintar da babba ke tunawa ce ba jariri a gabansa ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka ce bari mu kalli jaririn gaske. 'Yarsa Anna Freud ta buɗe gidajen renon yara a unguwar Hampstead ta Landan lokacin yaƙin duniya na biyu, ta ga da idonta yadda rabuwa da uwa ke taɓa ƙaramin yaro. A 1948 Esther Bick ta shigo da wani horo a cibiyar Tavistock ta Landan wanda har yau ana yi: ɗalibi ya je gidan masu jego awa ɗaya duk sati har shekara biyu, ya zauna ya yi kallo kawai, ba shawara ba gyara. Donald Winnicott, likitan yara ne da ya zama masanin saikoanalisis, shi ne ya dage cewa ba a iya maganar jariri shi kaɗai sai tare da mai kula da shi, kuma ba a neman uwa marar kuskure, wadda renonta ya wadatar ta isa. John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa kulawar uwa, daga nan ilimin shaƙuwa ya tashi, abokiyar aikinsa Mary Ainsworth kuma a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda ta fara bibiyar iyaye mata da jariransu a 1954 da 1955.

Wadda ta mayar da duk wannan ya zama magani na uwa da jariri a ɗaki ɗaya ita ce Selma Fraiberg a Michigan ta Amurka. A 1975 ita da abokan aikinta suka kawo maganar fatalwa a ɗakin jariri, ba aljani suke nufi ba, abin da aka yi wa uwa tana ƙarama ne, duka ko wulaƙanci ko watsarwa, wanda ta binne zafinsa sai ya dawo ya tsaya tsakaninta da ɗanta. Misali yarinyar da aka ba riƙo ta yi ta kuka ba mai rarrashi, ta girma ta haihu, kukan ɗanta sai ya zame mata abin da ba ta iya saurara. Abin da Fraiberg ta lura shi ne in aka samu wanda ya saurari kukan uwar, sai ita ma kunnenta ya buɗe ga na ɗanta. Har gida suke zuwa su zauna a kicin a yi zaman.

Yadda ake yi yau: ke da jaririn da mai maganin kuna zaune a ƙasa, wajen minti 50, yawanci sau ɗaya a sati, ba darasi ba jadawali. Kina magana yana saurare yana kuma kallon yaron, sai ya ce na ga lokacin da kika ambaci mahaifiyarki kin ajiye shi, me ya zo miki? Tsarin Alicia Lieberman na San Francisco kusan zama 50 ne a shekara guda. A Suwidin akwai wanda ya fi tsanani, sau 2 zuwa 3 a sati, mai maganin har magana yake yi da jaririn kai tsaye.

Kuɗi: ita ce mafi tsada ba tantama. A Ingila kyauta ce a NHS, wato tsarin asibitocin gwamnati, in yankinku na da masu yi, amma sai an bi layi kuma ba ko'ina ake da su ba, in na kuɗi ne da wuya ki samu zama ƙasa da fam 50, ki ninka da watanni ki gani.

Ɗorewa da hujja, a nan ne fa masoyanta ba sa son a tsaya. A Rochester ta Amurka, binciken 2006 kan jariran da aka cutar a gidajensu ya nuna masu shaƙuwa mai natsuwa, wato yaran da hankalinsu ke kwanciya da uwarsu, sun tashi daga kusan kashi 3 zuwa kusan 61 cikin 100 bayan shekara ɗaya, abin mamaki ne wallahi, amma ɗaya rukunin da aka koya wa dabarun reno kawai ba tono ba su ma sun kai wajen kashi 55. Cibiyar Anna Freud da kanta ta gwada nata tsarin a kan iyaye mata 76 ta fitar a 2016: uwayen sun samu sauƙin damuwa, yadda suke kallon 'ya'yansu ya gyaru, amma a ma'aunin ci gaban jariran da shaƙuwarsu ba a ga bambanci da waɗanda ba a yi wa ba. Bitar Cochrane, wata ƙungiya mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta 2015 ta haɗa gwaji 8 masu mutum 846 ta ce akwai alamar amfani ga iyalan da ke cikin haɗari, amma ba hujjar cewa ta fi sauran hanyoyi. Kin ga ke nan zurfi daban, fifiko daban.

Haɗarinta: ana fama miki, makonnin farko kina iya jin abin ya ƙaru kafin ya ragu, in ba ki da mai tallafa miki a gida ko kina tsaka da rikicin aure abin zai yi nauyi. Kuma in aka yanke a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare, an buɗe ba a rufe ba. Sannan mu da muka tashi da cewa ba a faɗin laifin iyaye, zama gaban baƙo a ce Inna ta yi min kaza ba ƙaramin abu ba ne, wasu sai su ji kamar sun yi saɓo. Mai maganin kirki ba zagin iyayenki zai sa ki yi ba, amma ki san za a taɓo wurin.

Hanya ta 2: bidiyo

Susan McDonough ta ƙirƙiro nata tsarin na bidiyo ne musamman don iyalan da dogon zance bai karɓe su ba, a Holan kuma jami'ar Leiden ta fito da nata mai suna VIPP, Ingila ana yawan amfani da wani mai suna VIG. Duk salon ɗaya ne: a ɗauki 'yan mintoci kina wasa da yaron ko kina ba shi abinci, a dawo a kalla tare, a tsayar a daidai inda abu ya yi kyau, a ce duba nan, ya ɗago ya neme ki kin amsa, kalli fuskarsa. Ba ruwansu da yarintarki. Uwar da ta yarda cewa ɗanta ba ya son ta, ranar da ta ga a allo yana bin ta da ido lokacin da ta juya, abin na shiga fiye da a gaya mata sau goma.

Zama kaɗan ne, VIPP wajen ziyara 6, na McDonough 10 zuwa 12, don haka ta fi araha nesa ba kusa ba. Hujjarta kuma ba laifi: masu binciken Leiden sun haɗa nazari 70 a 2003 suka ga shirye-shiryen da ba su wuce zama 16 ba kuma suka tsaya a kan abu ɗaya tak, wato uwa ta gane alamun ɗanta ta amsa, sun fi masu tsawo tasiri. Bitar Cochrane ta 2019 mai gwaji 22 ita ma ta ga bidiyo na ƙara wannan ganewar, sai dai a kan damuwar uwa ba a ga wani abin kirki ba. A Suwizalan an taɓa gwada ta kafaɗa da kafaɗa da gajeren tono a shekarun 1990, duka biyun suka rage matsalar barci da cin abinci.

Haɗarinta na sirri ne. Bidiyonki cikin ɗakinki, wataƙila ba mayafi, wataƙila kina shayarwa, wa ke ajiye shi, a wace na'ura, yaushe za a goge? Ki tambaya kafin a danna, ki kuma yi magana da maigida tun farko kar ya zo ya gani daga baya a samu wata sabuwar fitina. Sannan in tsohon ciwo ne ke ci, bidiyo na iya gyara hannu ya bar zuciya yadda take.

Hanya ta 3: kalla, jira, yi tunani

Wannan ta tsakiya ce, daga Toronto ta Kanada, kuma jininta na saikoanalisis ne. Rabin zaman ki sauka ƙasa ki bar yaron ya ja ragama, kar ki koya masa kar ki gyara masa wasa, in ya zo gare ki ki amsa. Rabi na biyu ki faɗi abin da kika gani da abin da kika ji. A gwajin 1999 kan yara 67 'yan wata 10 zuwa 30, cikin wata biyar ta riga tono kawo sauyi a shaƙuwar yaran, bayan wata shida kuma rukunin tono suka kamo. Ta fi dacewa da yaron da ya fara rarrafe ko tafiya, masu yinta ne dai ba su da yawa.

Hanya ta 4: a yi maganin damuwar uwar kai tsaye

Wato CBT, maganin zama da magana mai gyara tunani da ɗabi'a, da ƙwayar magani in likita ya ga dama. Ba daga saikoanalisis take aiki ba, ba a tono, tunanin yau ake kamawa, ni ba uwar kirki ba ce, ba abin da zan iya, a duba shi a sauya shi a ɗora ƙananan ayyuka. Ita ce kuma aka fi gwadawa a wurare irin namu. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa suka yi wa mata ziyara 16 tun daga ƙarshen ciki, sakamakon 2008 kan mata 903: bayan wata 6 kashi 23 cikin 100 ne ke da sauran ciwon, a ɗaya ɓangaren 53, bayan shekara 27 da 59. Yaran sun fi samun rigakafi, gudawa ta ragu, nauyinsu da tsayinsu dai bai bambanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shirin ta fitar da littafin koyarwarsa a 2015 da sunan Thinking Healthy. A Najeriya ma Farfesa Oye Gureje da tawagarsa sun gwada kula da masu ciwon damuwa na ciki da jego a ƙananan asibitocin jihar Oyo ta hannun ma'aikatan da ke awo, kusan kashi biyu cikin uku ko fiye suka warware.

Ƙwaya irin sertraline kaɗan ce ke shiga nono shi ya sa likitoci ke yawan farawa da ita ga mai shayarwa, tana ɗaukar makonni kafin a ji aikinta, kuma ba a sayenta a kemis da ka, ba a kuma yanke ta rana ɗaya.

Rauninta a fili yake: uwa ta warke ba ya nufin tsakaninta da ɗan ya gyaru da kansa. A Cambridge an raba mata 193 masu damuwar bayan haihuwa gida huɗu, CBT, tono gajere, sauraro kawai, da kulawar yau da kullum, sati 10 aka yi, duk masu maganin sun samu sauƙi da wuri amma da yaran suka kai wata 9 sauran sun kamo su, a wata 18 kuma ba bambanci a shaƙuwar yaran.

| Hanya | Yawan zama | Tsada | Abin da ta fi gyarawa | Samu a Najeriya da Nijar | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tono na saikoanalisis | watanni zuwa shekara, har 50 | mafi tsada | tsohon ciwo, yadda uwa ke kallon ɗanta | da wuya ƙwarai | fama miki, yankewa a tsakiya |
| Bidiyo | 6 zuwa 12 | matsakaiciya | gane alamun jariri | da wuya | sirrin hoto |
| Kalla, jira | wajen wata 5 | matsakaiciya | yaro mai rarrafe da uwa mai yawan sa hannu | da wuya | ƙanƙani |
| CBT da ƙwaya | 8 zuwa 16 | mafi sauƙi | ciwon damuwar uwa | manyan asibitoci | alaƙar na iya zama yadda take |

Maganar gidanmu

Duk hanyoyi ukun farko an gina su a kan hoton uwa ɗaya da jariri ɗaya suna kallon juna suna gwalangwaso. Mu kuwa fa? Mace da ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa gaban mutane, in surukai na wurin ma kamar ba ta san shi ba, alkunya ce ba ƙiyayya ba. Baturiyar da ke ƙirga sau nawa kika kalli idonsa a bidiyo tana iya rubuta cewa uwar ba ta da shauƙi, alhali yaron wuni yake a goye, da dare yana jikinki, ko ya yi ƙus kin ji. Dole ki faɗa mata da bakinki tun zaman farko, in ta ƙi fahimta ki nemi wata.

Kuma yaronmu ba hannu ɗaya ke renonsa ba. An taɓa nazarin wannan a ƙasar Hausa ma, Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun fitar a 1977, jarirai 18 suka bibiya suka ga kowanne ya shaƙu da mutum uku ko huɗu a gidan, amma akwai guda ɗaya da ya fi komawa wurinta, wadda ta fi ɗaukarsa ta fi hulɗa da shi, ba lallai mai ba shi nono ba. Don haka ki tambaya ko kaka, ko yaya, ko abokiyar zama in ita ke goyon, za ta iya shiga zaman. Baban yaro ma haka, ana samun maza da ciwon damuwa bayan an yi musu haihuwa, su ma suna da nasu tsohon ciwon, kuma a gaskiya in maigida bai yarda da abin ba zama uku ba za a yi ba.

Wa ya dace da wanne

In ba ki barci ko yaron ya yi barci, abinci ba ya miki daɗi, komai ya fita ranki ba yaron kaɗai ba, fara da ta 4. Akwai 'yar takardar tambayoyi 10 ta Edinburgh da ake amfani da ita tun 1987, ki ce a yi miki a wurin awo ko rigakafi. In kina gida Najeriya ita ce ma wadda za ki iya samu a zahiri, sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na ABU a Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, Kware da Maiduguri, zuwa can ba ya nufin hauka.

In lafiyarki ƙalau amma kin rasa gane yaron, musamman haihuwar fari a ƙasar waje ba Inna ba goggo kusa, ko bakwaini ne da ya daɗe a kwalba kuka saba a makare, bidiyo ta ishe ki kuma aljihu zai huta. Yaro ya fara tafiya kullum kuna ja-in-ja, kin kama kanki kina hana shi komai, ki nemi ta 3.

Tono kuma ki ajiye shi ga inda ya fi kowa: kin sha magani kin ji sauƙi amma har yanzu in ya yi kuka jikinki rawa yake, ko kina ganin fuskar wani da ya cuce ki a fuskarsa, ko kin rasa ɗa kafin shi kin kasa sakin jiki da wannan, ko ke kanki kin tashi cikin duka da maraici kina tsoron maimaitawa. A nan zama 6 ba za su kai ba. Ki tabbatar kina da kuɗi ko gurbin aƙalla wata shida kafin ki fara, ki tambayi mai yin a ina ya yi horon aikin jarirai takamaimai da wace ƙungiya ya yi rajista, in kuma ciwon damuwar mai tsanani ne a haɗa da likita ana yin biyun tare.

Wadda kuma duk babu ko ɗaya kusa da ita, ziyarar gida daga mace mai ɗan horo ba abin rainawa ba ce. A Khayelitsha kusa da Cape Town matan unguwa ne aka horar suka yi wa masu ciki da jego ziyara 16 suna nuna musu abin da jariri ke iyawa da yadda ake amsa masa, mata 449 aka sa a gwajin, a wata 18 kashi 74 cikin 100 na yaransu na da shaƙuwa mai natsuwa, ɗaya rukunin 63. Ki fara da tambayar nas ko ungozomar asibitin unguwarku ko akwai mai bibiyar masu jego, ki kuma gaya mata ainihin abin da kike ji ba ciwon kai kawai ba.